Kama Gidan Haya a Kano Bayan Dawowa Daga Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka dawo gida bayan shekaru a waje: ɗalibin da ya gama karatu a Masar ko Malesiya, ma'aikaciyar jinyar da ta yi aiki a Ingila, magidancin da ya daɗe a Jidda, da waɗanda yaƙin Sudan ya koro a 2023 ba shiri. Kusan kowa da fargaba ɗaya yake sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano: ba ni da tarihin bashi a Najeriya, wa zai ba ni gida? Ni ma da ita na sauka. Duk inda aka ce "ka", har da mata ake nufi.

Mai gidan haya a Kano zai duba tarihin bashina kafin ya ba ni makulli?

Da wuya ƙwarai. A Ingila ko Amurka wata-wata ake biyan haya, saboda haka mai gida ya karɓi na wata ɗaya ne, sauran goma sha ɗaya kuwa alkawari ne kawai a hannunsa. Shi ya sa yake tambayar kamfanoni irin su Experian da Equifax ko kai mai cika alkawari ne. A Kano kuɗin shekara ake direwa kafin a shiga. Wanda ya riga ya ƙirga kuɗinsa cif, me zai yi da makinka, wato makin da irin waɗannan kamfanoni ke ba mutum kan yadda yake biyan bashi?

Najeriya ma tana da kamfanonin tattara bayanan bashi masu lasisin Babban Banki, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma akwai dokar 2017 da ta tsara aikinsu. Amma bankuna da masu ba da rance ne suka fi hulɗa da su. Alhajin da ya gina fulat huɗu a Hotoro domin ya riƙa cin abinci bayan ya bar kasuwa ba ya bi ta kansu. Ko a gidajen da kamfani ko ofishin lauya ke kula da su a Nassarawa da Bompai, abin da aka fi nema shi ne katin shaida, takardar wurin aiki, wani lokaci da bayanin asusun banki na 'yan watanni.

Maganar ma a juye take. Tunda kai ne za ka ba da kuɗin wata goma sha biyu a kan gidan da ba ka kwana a cikinsa ba, kai ne mai ba da bashi. Binciken da kake tsoron a yi maka, kai ya kamata ka yi wa mai gidan. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

To makin da na sha wahala na tara a can fa, ya tashi a banza ke nan?

A wajen neman haya, kusan haka ne. Makin FICO na Amurka, bayanan Schufa na Jamus ko na SIMAH a Saudiyya ba sa biyo mutum zuwa Najeriya. Abin da ke da ɗan amfani shi ne takardun da kowa zai karanta ya gane: wasiƙa daga tsohon mai gidanka cewa ka zauna lafiya ka fita ba bashi, kwafin yarjejeniyar haya ta Ejar in daga Saudiyya kake ko Ejari in daga Dubai, da takardar aikin da za ka kama a nan. Ka riƙe su a jaka. Kada ka baje su a gaban dillali tun ranar farko, dalilin yana cikin amsar da ta shafi dillalai.

In ba a duba maki, me ake dubawa?

Mutum ake dubawa. Za a tambaye ka ɗan ina ne, wane gida, me kake yi, kana da iyali, yara nawa. Wanda ya saba da ƙasar da doka ta hana irin waɗannan tambayoyi zai ji kamar an yi masa shisshigi. Ka daure ka amsa cikin sakin fuska. Mai gida yana auna abu biyu ne: shin shekara mai zuwa za ka iya sabuntawa ba tare da an kai ruwa rana ba, kuma shin za ka jawo masa magana a unguwa.

Lokacin da na je gaida mai gidan da na fara zama, dattijo ne, a kan darduma na same shi a soro. Na fara lissafo masa karatu da wuraren da na yi aiki, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Madalla. To yaro, a garin nan wa ya san ka?" Na ambaci ƙanin mahaifina da layin da yake a Kantin Kwari. Ya ɗauki waya a gabana, suka gaisa da wani, ya yi tambaya biyu, ya ajiye. "Ka kawo kuɗin gobe." Binciken ke nan gaba ɗaya, bai kai minti biyar ba.

Wa zan kawo ya tsaya mini, alhali na daɗe ba na gari?

Wanda ke zaune a Kano, mai adireshin da za a iya zuwa a same shi: ma'aikacin gwamnati, malamin jami'a, ɗan kasuwa mai shago tsayayye, limamin unguwarku, ko babban yaya. Mai kuɗin da ke Abuja ba ya kai darajar ɗan tireda da ake gani kullum a bakin layi. In iyayenka 'yan wata jiha ne kuma ba ka da kowa a nan, shugaban wurin aikinka ya isa, ko wani babba a ƙungiyar 'yan garinku mazauna Kano.

Ka gaya wa mai tsaya maka ainihin abin da zai sa wa hannu. Wani wurin shaida ce kawai cewa ya san ka. Wani wurin kuwa takardar ta ce in ka gaza biya ko ka yi ɓarna shi za a kama. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan wannan bambanci, don an ce wa kawu "sa hannu kawai za ka yi."

Ban da kuɗin hayar, me kuma zan biya?

La'adar dillali, wadda aka fi sabawa da kashi 10 cikin ɗari na hayar shekara. In lauya ne ya rubuta yarjejeniya akwai nasa kuɗin, kuma sau da yawa ɗan haya ake ɗora wa. Wasu gidajen suna karɓar kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, wanda ake mayarwa in ka fita ba ka lalata komai ba. A gidajen da ke cikin katanga ɗaya akwai kuɗin maigadi, kwashe shara, da man tayar da ruwa. A ce hayar naira miliyan 2 ce: la'ada dubu 200, lauya da ajiya su ɗauki nasu, kafin ka sa labule ko ka ɗaura fanka ka doshi miliyan biyu da rabi. Ka tambayi jimillar tun kafin ka nuna gidan ya kwanta maka, kuma a rarrabe maka kowane kuɗi da sunansa.

Wani mai gidan zai ce shekara biyu yake so. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta Legas ce, ba za ka kafa hujja da ita a Tarauni ba. Ciniki ne kawai. Shawarata kada ka biya shekara biyu a gidan da ba ka ga daminarsa ba, ko da an yi maka ragi.

Ba za a yarda in riƙa biya wata-wata ba, kamar yadda na saba?

A ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan haɗaka, ana samun mai karɓar wata uku ko wata shida. A fulat ko gida sukutum, sabon ɗan haya da wuya ya samu. Bayan shekarar farko, in an ga zamanka, kana iya roƙon a raba maka biyu, kuma ana yarda.

Nan ne kaɗai rashin tarihin bashi zai iya cizonka: in kana son banki ko wani kamfani ya biya maka hayar shekara kai kuma ka riƙa biyansu kaɗan-kaɗan. Su za su duba, kuma za su so ganin albashi yana shiga asusunka. Mutane da yawa a Kano ba sa ma bin wannan hanya saboda kuɗin ruwa. Adashe, rance daga ɗan'uwa, ko bashin haya daga wurin aiki su aka fi dogara da su.

Tsohon asusuna ya daskare, layin wayata ma ya mutu. Yaya zan biya?

Wannan ka fara gyarawa kafin neman gida. Asusun da ya shekara ba motsi banki yana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kwanta, sai ka je da kanka da katin shaida a tashe shi. Kana buƙatar NIN daga hukumar NIMC da kuma BVN, wadda aka fara tun 2014. In ka taɓa yin BVN kafin ka tafi, tana nan, ba a yin ta biyu. Matsalar da ta fi yawa ita ce layin da aka yi rajistar da shi ya daɗe a rufe har an sayar wa wani, saƙonnin bankinka suna tafiya wayar baƙo. Ka sa a canza lambar. Wanda bai dawo ba tukuna yana iya yin BVN daga can, ta tsarin NRBVN da Babban Banki ya ƙaddamar a watan Mayun 2025.

Ka biya da naira, ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan ko wakilin da ya rubuta a takarda, kuma ka rubuta a wurin bayani cewa kuɗin hayar gida kaza ne daga wata kaza zuwa wata kaza. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Ko da bai kai haka ba, jakar kuɗi ba ta barin sawu.

In an ce ka biya da dala ko riyal tunda su kake da su, ka ƙi. Ka canza a banki ko wurin 'yan canji masu lasisi, Wapa tana nan a Fagge, sannan a rubuta yarjejeniya da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗaure hayarsa da dala a tsakanin nan ya ga ta ninka sau uku ba tare da mai gida ya ce uffan ba.

Zan iya kama gidan tun ina can, in sauka kai tsaye a cikinsa?

Za ka iya, amma cinikin biri a sama ne. Bidiyon WhatsApp ba ya nuna warin sokawe, ba ya nuna injin niƙan da ke jikin katangar ɗakin kwana. In dole ne, ka wakilta ɗan'uwan da ba shi da ko sisi a cikin la'adar, ya je da ƙafarsa sau biyu, ya ga mai gidan ido da ido. Abin da ya fi shi ne ka sauka a gidanku ko masauki na sati biyu zuwa wata ɗaya. Kuɗin masaukin bai kai asarar shekara guda a gidan da ba ka so ba.

Yaya zan yi da dillalai? In gaya musu daga waje nake?

Ba sai ka yi ƙarya ba, amma ba sai ka yi shela ba. Da zarar an ji "daga Landan ya dawo" ka zama Yallaɓai, kuma gidan da aka ce miliyan ɗaya da rabi jiya ya koma biyu. Ka tafi da ɗan gari, ka bar shi ya yi maganar kuɗi. Ka faɗi iyakar abin da za ka iya biya ƙasa da gaskiyar kaɗan. Ka kuma sani sau da yawa ba dillali ɗaya ba ne: wanda ka kira ya kira wani, shi ma ya kira mai riƙe da makulli. A daidaita tun farko cewa la'ada ɗaya ce, su raba a tsakaninsu.

Za ka ji wannan magana, kusan da waɗannan kalmomi: "Yallaɓai, wallahi wani ya gani da safe, ya tafi kawo kuɗi. Ka ba da kafin alƙalami kawai in riƙe maka." Wataƙila gaskiya ne. Duk da haka kada ka ba da ko kwabo sai ka ga mai gidan ko takardar da ta nuna ya wakilta wanda ke gabanka. Damfarar da aka fi yi wa baƙi ita ce a karɓi kuɗin gida ɗaya a hannun mutum uku, ko ɗan hayan da zai tashi ya yi shigar mai gida. Maganinta mai sauƙi ne: ka tsaya wurin mai shayi ko mai kanti na layin ka tambayi gidan wa ye wannan, sannan ka je ka gaida mai unguwa. In gidan gado ne, ka tambaya ko an raba, kuma wa magada suka amince ya karɓi haya. Gidan magada da ba a raba ba ya sha jefa ɗan haya a tsakiyar rigimar da ba tasa ba.

In ka fi son ofis da takarda, akwai ƙwararrun masu kula da gidaje 'yan ƙungiyar NIESV, waɗanda hukumar ESVARBON ke yi wa rajista. Sun fi tsada a wasu lokuta, amma akwai inda za ka kai ƙara.

Me zan duba a jikin gidan?

Wuta, ruwa, damina. Game da wuta, ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, awa nawa ake samu. KEDCO ce ke raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, kuma layuka rukuni-rukuni ne. Rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuɗinsa ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, don haka wuta mai yawa tana zuwa da bil mai nauyi. Ka ga mitar da idonka. In mai kati ce, a sayi wutar ɗan kuɗi kaɗan a gabanka a ga ko ana cire tsohon bashi. In babu mita, a nuna maka bil na ƙarshe da shaidar biya. A aikace, sau da yawa bashin wuta a kan gida ake barinsa, wanda ya ci ya tafi, kai za a yanke wa. In kana da niyyar sa sola, a rubuta cewa taka ce kuma za ka kwance ta ranar tashi.

Ruwa kuwa ka buɗe famfo da hannunka. In burtsatse ce, wa ke gyara in injin ya ƙone, kuma tana kaiwa watan Afrilu ba ta ja baya ba? In ka ga kurar 'yan ga-ruwa suna ta shawagi a layin da sassafe, ka samu amsarka.

Damina ita ta kama ni. A watan Janairu na ga gidan, ana hunturu, ko'ina a bushe, fenti sabo fil. Na lura an yi wa ƙofar gida wani ɗan tudun siminti, na ɗauka ado ne. Ruwan Agusta na farko mai ƙarfi, lambatun layin ya cika ya tumbatsa, ya tsallake tudun, na kwana ina ɗora littattafai a kan kujera. Da na koka, maƙwabcina ya ce, "Ai Malam, duk shekara haka ne, ba ka tambaya ba ne." Tun daga nan nake duba gindin katangar maƙwabta, wadda ba a yi wa fenti ba, don a nan ruwa ke barin zanensa. Ka ɗaga kai kuma ka dubi silin, tabon yoyo ba ya ɓuya sosai.

Wace unguwa ta fi dacewa da wanda ya dawo?

Wadda ke kusa da inda za ka riƙa zuwa kullum. Mai aiki a Jami'ar Bayero ya duba Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki ko Tudun Yola. Mai aiki a asibitin Malam Aminu Kano ya duba Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Zoo Road ko Unguwa Uku. Nassarawa da Bompai sun fi shiru, sun fi tsada. Garin ya faɗaɗa fiye da yadda ka bar shi, wuraren da ka sani gonaki yanzu unguwanni ne. Ka gwada hanyar da ƙarfe bakwai da rabi na safe kafin ka yanke shawara.

Ba ni da aure, ko kuma mace ce ni ni kaɗai. Zai yi wuya?

Zai fi wuya, babu amfanin ɓoyewa. Masu gida da yawa suna cewa "sai mai iyali," kuma mace mai neman gida ita kaɗai ta fi shan tambaya, ko da likita ce. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne zuwa tare da babba, uba ko yaya ko kawu, da takardar wurin aiki, da neman gidan da kamfani ke kula da shi ko unguwar ma'aikata. Kada a yi ƙaryar aure don a samu gida. Kwana kaɗan unguwa za ta gane, kuma an ba mai gida hujjar da bai da ita a da.

Lallai sai an rubuta yarjejeniya? Mai gidan abokin babanmu ne.

To shi ya fi buƙatar a rubuta, don kunya ba za ta bari ka yi magana ba ranar da aka samu saɓani. A sa sunayenku, adireshin gidan, adadin kuɗi, ranar farawa da ta ƙarewa, wa ke da gyaran rufi da sokawe da burtsatse, wa ke da ƙananan gyare-gyare, yadda za a mayar da kuɗin ajiya, da wa'adin sanarwa kafin ƙarin haya ko tashi. Shaidu biyu su sa hannu. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita, ka tura wa mai gidan ta waya domin kwanan watan ya zauna. Duk gyaran da za ka yi da niyyar a cire a kuɗin haya, a amince a rubuce kafin ka kira birkila.

Rasit kuma yanzu yana da wani amfanin. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar a cire masa kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, har zuwa naira dubu 500, daga kuɗin shigar da ake lissafa wa haraji. Ba shaidar biya, ba ragi.

Mai gida zai iya ƙara kuɗi ko ya tashe ni duk ranar da ya ga dama?

A cikin wa'adin da ka biya, a'a. In ya ƙare yana iya neman ƙari, kai kuma kana iya ciniki ko ka tashi. Game da notis, abin da yarjejeniyarku ta ce shi ne gaba. In ba ta ce komai ba, ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi ita ce wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai hayar shekara-shekara, sannan notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa, yaye kwano, ko watso kaya waje ba tare da umarnin kotu ba, doka ba ta yarda da shi ba. In abu ya fara zafi, a fara da wanda ya tsaya maka da mai unguwa. In ya gagara, sai lauya.

Ina son in fara gina tarihin bashi a nan. Biyan haya yana shiga lissafi?

Hayar da ka biya Alhaji ta asusunsa ba ta zuwa wurin kamfanonin da aka ambata a amsar farko. Abin da ke zuwa shi ne rancen banki da na sauran masu ba da bashi masu rajista. Doka ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ya kamata ka karɓa da zarar ka dawo, musamman in ka bar wani ɗan rance a baya kafin ka tafi. Tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mutum da ke ɗaure da BVN ɗinsa. Ba ka so ka tura kuɗin hayar shekara cikin sabon asusu da daddare, ka wayi gari an yanki wani abu a kan bashin da ka manta da shi tun kafin ka hau jirgi. Ka duba rahoton, ka biya abin da ke kanka, sannan ka turo kuɗin gidan.